Bakteriyar Ruwan Gishiri

Bakteriyar ruwan gishiri ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu rayuwa a teku da tafkunan gishiri da kuma ruwan zartsi, inda kogi ke haɗuwa da teku. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, amma akwai irin da ba sa walawa sai gishirin ya ninka haka sau biyar. Da yawansu kan tara sinadarai irin su ektoyin a jikinsu don kada gishiri ya tsotse musu ruwa. Mai harkar fata a Agege da ya ga ƙirgi ya yi jan tabo duk da gishirin da aka barbaɗa masa, ya ga aikin masu son gishiri ke nan, ko da yake galibi arkiya ce ke yin wannan, rukunin ƙananan halittu da masanin kimiyya Carl Woese ya ware daga bakteriya a 1977.

Tafkin Legas wuri ne da ya cancanci a zura masa ido. Da damina koguna kan tsarma shi, da rani kuma ruwan Atilantika ya kutso gishiri ya hau, don haka halittun cikinsa sun saba da sauyi. Jami'ar Legas na bakinsa a Akoka, cibiyar binciken teku ta ƙasa da aka kafa a 1975 kuma tana Victoria Island.

Ga mai neman gano sabon nau'in bakteriya, ɗebo ruwa ko taɓo ba shi ne wahala ba. Ana shafa shi a faranti mai abinci na musamman, irin wanda Claude ZoBell ya haɗa a 1941, bayan 'yan kwanaki sai ɗigo-ɗigo su fito, wasu rawaya wasu ruwan lemo. Sai dai abin da ke yarda ya tsiro bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba. Pelagibacter ubique, wadda ke cikin mafi yawa a teku, sai a 2002 aka samu rainonta.

Idan bakteriya ta tsiro, sai a karanta sashen ƙwayoyin gadonta mai suna 16S rRNA, a gwada da na danginta. In kamannin bai kai kashi 98.7 ba, ana kyautata zaton sabuwa ce, sannan a duba kundin gadon duka, inda iyakar ke wajen kashi 95. Sunan ba ya tabbata sai an ajiye samfurinta mai rai a ma'ajiyoyi biyu a ƙasashe daban-daban, kamar DSMZ ta Jamus da JCM ta Japan, an kuma buga shi a IJSEM, mujallar da ke tabbatar da sunayen bakteriya. Sharaɗin da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, amma shi ke ba kowane masani damar tantancewa da kansa.

Alcanivorax borkumensis, wadda aka bayyana a 1998 daga kusa da tsibirin Borkum na Jamus, man fetur take ci, kuma irinta ake nema don wanke ruwan da mai ya gurɓata a tashoshin jiragen ruwa.