Damoskofi: Duba Ƙarin Fata Ba Tare da Yanka Ba

Idan likitan fata ya ɗora wata 'yar na'ura mai kama da tocila a kan tawadar Allah da ke jikin mutum, ya sa ido yana leƙawa, abin da yake yi shi ake kira damoskofi. Kalmar daga Girkanci take, an haɗa "fata" da "dubawa". Na'urar kanta gilashi ne mai ƙara girman abu kamar sau 10, da fitila a ciki.

To me ya hana ido ya gani da kansa? Saman fata yana mayar da haske kamar yadda ruwan tafki yake ƙyalli da rana, ba ka ganin abin da ke ƙasa. A da sai a ɗiga mai ko wani ruwa a wurin, a danna gilashin a kai, ƙyallin ya mutu. Na'urorin yanzu suna tace hasken ne, ko ba a shafa komai ba. Daga nan sai launin da ke ƙarƙashi da ƙananan jijiyoyin jini su fito fili, kowanne da zubinsa: wani kamar raga, wani ɗigo-ɗigo, wani kamar rassan bishiya.

Dabarar ta daɗe. A 1971 wata likita a birnin Gilasgo na Birtaniya, Rona MacKie, ta nuna amfanin duba baƙin tabo ta wannan hanya kafin a yi tiyata, sannan a 1987 likitoci a Biyana, babban birnin Ostiriya, suka tsara yadda ake karanta zubin da ake gani. Babban abin da ake farauta shi ne melanoma, sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi.

Nan ne batun ya shafe mu. Ana yawan ɗauka cewa sankarar fata cutar Turawa ce, kuma gaskiya ta fi yawa a cikinsu. Amma idan melanoma ta kama baƙar fata, ta fi zuwa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wuraren da mutum zai ce ai ƙaya ce ta soke shi ko tuntuɓe ya yi. Fatar tafin ƙafa tana da zane kamar gona, kunya da kwari. Likitocin Japan suka lura cewa tawadar da ba ta da illa launinta yakan kwanta a cikin kwarin, ita kuwa melanoma a farkonta takan hau kan kunyar. Ido kaɗai ba ya rabe wannan, na'urar kuwa tana nunawa. Haka ma zabiya, waɗanda rana ke yi wa fatarsu ɓarna tun suna ƙanana, suna da bukatar a riƙa duba duk wani ɓawo ko gyambon da ya ƙi warkewa.

Damoskofi tana da 'yan uwa masu tsada. Akwai madubin konfokal, mai aiki da hasken leza mara zafi, yana nuna ƙwayoyin fata ɗaya bayan ɗaya a jikin mai rai, sai dai zurfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. Akwai OCT, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin fata da haske, wadda likitocin ido suka fi sani, tana kaiwa milimita 1 zuwa 2 amma hotonta bai kai na konfokal fayyacewa ba. Akwai kuma sikanin mai amfani da sauti, irin na masu ciki amma mai ƙarfin da ya dace da fata, don auna kaurin ƙari.

Ga lallausar fatar cikin jiki, wato baki, maƙogwaro da bakin mahaifa, dabarar iri ɗaya ce, sai dai kayan aikin daban ne. Kolfoskofi, wadda Bajamushe Hans Hinselmann ya ƙirƙiro a 1925, madubi ne na duba bakin mahaifa bayan an shafa ruwan tsami mai rauni, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. A maƙogwaro kuwa ana haska shuɗi da koren haske, waɗanda jini ke shanyewa, jijiyoyin da suka hargitse su bayyana.

Inda mutane ke kuskure, a ganina, shi ne zaton cewa "ba yanka" na nufin an rabu da wuƙa. Ba haka ba ne. Waɗannan na'urori suna taimaka wa likita ya tantance tabon da za a ƙyale da wanda za a cire, kuma ingancinsu ya dogara da horon mai leƙawa, don a hannun wanda bai koya ba damoskofi ba ta fi ido ba. Idan zargi ya yi ƙarfi, sai an yanko ɗan nama an kai ɗakin gwaji an duba shi a madubi kafin a ce sankara ce ko a'a.