Waiwaye: Baƙin tsuntsayen tafkin Madarunfa da makonnin ƙarshe na hunturu

Daga tsakiyar Fabrairu, lokacin da sanyin asuba ya fara sassautawa amma hazo bai gama kwantawa ba, tafkin Madarunfa, kilomita 20 da 'yan kai kudu da birnin Maraɗi, yakan ja da baya ya bar laka mai faɗi a gefensa. Wannan laka, da ruwan da bai wuce idon sawu zuwa gwiwa ba, nan ne akushin tsuntsaye. Tsakiyar tafki mai zurfi ta kifi ce da masu jirgi.

Kashi biyu ake gani a tafkunan yankin nan a irin wannan lokaci. Akwai 'yan gida: balbela, kirinjijiya mai farar fuska da ke fito in ta tashi, dinya, da zakaran ƙeƙuwa wanda ba ya barin mutum ya matso bai tona masa asiri ba. Akwai kuma baƙi daga Turai da yammacin Asiya, masu isowa tun daga Satumba da Oktoba. Cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa da nauyinta bai cika kai rabin kilo ba, namijinta na da farin zane daga saman ido zuwa ƙeya. Da wata mai doguwar wutsiya tsinin allura. Da ƙananan masu dogayen ƙafafu da ke tsaga laka da baki. Da ɗan tsuntsu mai ɗorawar ciki da ke bin sawun shanu yana kaɗa wutsiya. Shamuwa ba ta cikin lissafi. Ita tana kudancin Afirka a wannan lokaci, sai gab da damina take dawowa, shi ya sa manomi ya san ta fiye da waɗannan baƙi da ba su zuwa da albishir ɗin ruwa.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya da sanyi ba, har wasu na cewa cikin laka suke nutsewa su yi barci. A 1822 aka harbe wani farin tsuntsu dangin shamuwa a kusa da garin Klütz na Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Gawarsa na nan a jami'ar Rostock. Daga 1899 aka fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a ƙasar Denmak, kuma da irin zobban da masunta da maharba suka riƙa tsinta a Sahel aka zana hanyar.

Amma fari ne ya nuna yadda rayuwar tsuntsun Turai ke rataye da ruwan ƙasarmu. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan uku cikin huɗu a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka tarar ƙarancin ruwan 1968 a Sahel ne sanadi. A Holan ma an lura cewa yawan jan zalɓe mai gida a can yana hawa da sauka daidai da ambaliyar kogunan Afirka ta Yamma. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawan Maraɗi ke tunawa da mutuwar shanu da ƙaura, sun bar tabo iri ɗaya a littattafan ƙidaya na Turai.

A cikin waɗannan shekaru aka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran, ranar 2 ga Fabrairu 1971. Nijar ta shiga a 1987, da gandun dajin W a matsayin wurinta na farko. Madarunfa ta jira har 2019 kafin ta shiga jerin, tare da tafkin Gidimuni na jihar Damagaram, ko da yake tun 2006 an sa tafkin da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 cikin wuraren da ƙasar ke nema wa rajistar kayan gadon duniya ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Dokar farauta da kare namun daji da ake aiki da ita ta 29 ga Afrilu 1998 ce. Takardu dai sun samu. Ruwa ne ya canza.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa ta Maraɗi, ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Ƙarfinsa na da ya isa a tuna: ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari daga cikin fadama zuwa tudu. Bayan gina madatsar Jibiya wajen 1990, ga kuma shekarun ƙarancin ruwan sama, kwanakin da gulbin ke gudu sun ragu, fadamun da kan kwana da ruwa har cikin rani suka riƙa bushewa da wuri. Ƙoramu kuma suna kwaso rairayi daga gonakin da aka share suna zubawa a tafkin. Tafkin da ya cike da rairayi yakan bazu da damina ya ruɗi ido, sai ya ƙafe da sauri idan zafi ya shigo, domin a wannan yanki rana da iska na shanye ruwan da ya kai kimanin mita 2 a shekara.

A nan ne makonnin ƙarshe na hunturu suka fi kowane lokaci nauyi, kuma a ganinmu su ne aka fi yi wa sakaci. Tsuntsun da zai koma arewa a Maris yana da hamada ta kusan kilomita 2,000 a gabansa, babu ci babu sha. Guzurinsa kitse ne. Ƙananan tsuntsayen ciyawar ruwa masu nauyin giram 11 ko 12 sukan kusa ninka nauyinsu cikin makonni biyu zuwa uku. Agwagin suna cin 'ya'yan bado da na ciyawar ruwa, galibi da dare, da rana su taru a tsakiya su huta. Masu dogayen ƙafafu suna neman tsutsa a lakar da ruwa ya saki jiya ko shekaranjiya. Wadda ta kwana huɗu ko biyar a rana ta yi tauri, baki ba ya shigarta. Saboda haka abin da ake so shi ne ruwa ya riƙa ja a hankali, taki kaɗan kowace rana. Idan injinan ban-ruwa suka yi yawa a gefe ɗaya, ko aka nome laka har bakin ruwa, abincin makonni yakan ɓace cikin kwanaki.

Tashin da ake yi musu ma asara ce. Duk lokacin da jirgi, ko kare, ko yaro mai danƙo ya tashi garke, kitsen da aka tara ne ke ƙonewa. Ragar roba mai siririn zare da aka bari kwana a ruwa maras zurfi tana kama agwagwa mai kiwon dare ta shaƙe ta, kuma tsohuwar raga da aka yar tana ci gaba da kisa shekaru, don ba ta ruɓewa. Maganin ƙwari da aka wanke gwangwaninsa a bakin tafki yana kashe tsutsar da tsuntsu ke ci tun kafin ya taɓa tsuntsun. Masunta da masu lambu da makiyaya duk da tafkin suke ci, ba wanda za a kora. Abin da ke aiki shi ne a keɓe ɓangare ɗaya na gefen ruwa daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, a cire raga daga wurin kafin magariba.

Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ta fara a 1967, ta faɗaɗa zuwa Afirka a 1991, kuma a tsakiyar Janairu ake yin ta. Ma'aunin da ake gwada sakamakonta da shi na yarjejeniyar Ramsar ne: wurin da ke ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani jinsi, ya zama mai muhimmanci ga duniya. Aikin na son mutum biyu, ɗaya da madubin hangen nesa, ɗaya da takarda. A fito da sassafe, rana a bayan mai dubawa, kafin hazo ya yi kauri. A ƙirga 10 ɗaya bayan ɗaya, a riƙe girman wannan gungu a ido, a auna sauran garken da shi. In garken babba ne a koma 50 ko 100. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: raina yawan garke mai cunkoso, da sake ƙirga wanda ya tashi ya sauka a gaba. Gibin ƙidayar Janairu shi ne tana nuna wanda ya zo, ba ta nuna halin da ya tafi a ciki ba. Zagaye na biyu a farkon Maris, daga wurare iri ɗaya, tare da auna inda bakin ruwa ya tsaya, zai cike shi da kuɗi kaɗan.

Zancen murar tsuntsaye ya ɓata wa baƙin suna. A Fabrairu 2006 aka tabbatar da cutar a Kaduna, sannan a Magariya ta jihar Damagaram kafin watan ya ƙare, kuma safarar kaji na cikin manyan hanyoyin da take bi. Abin yi a bakin tafki a bayyane yake: kada agwagin gida su yi kiwo tare da na daji, kada a taɓa mushe da hannu ko a ba kare, a sanar da ma'aikatan kiwo ko na gandun daji idan an ga da yawa sun mutu wuri ɗaya. Wanda ya tsinci zobe kuma ya rubuta lambar da ke jiki, da rana, da wurin, ya miƙa musu.

Abu ɗaya ya gyaru a tsawon wannan tarihi, kuma daga gonakin Maraɗi ya fito. Sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi, ya bazu daga nan tun farkon shekarun 1980. Gawo yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka zubar, ƙwari su taru a kansa, kuma a kan gawo da aduwa da bagaruwa ne ƙananan baƙin da ba na ruwa ba suke tara nasu kitsen a watan Maris.