"Ni Ba Ta Bugar Da Ni" Ba Alamar Lafiya Ba Ce

A Aboabo ta Kumasi na sha jin wannan magana daga bakin masu shan giya. Wani ƙanen abokina, direban tasi, ya taɓa ce mini: "Yaya, ni fa ko na sha ba na tangaɗi, jikina ya fi ƙarfinta." Yana faɗa yana wasa da 'yar kwalbar bitas (barasar da ake jiƙa saiwoyi a ciki) a aljihun gaba, wai maganin ciwon baya ce.

A zango mun saba auna illar giya da maye. Wanda ya faɗi a kwata shi ake nunawa da baki, wanda ya miƙe ya isa gida lafiya kuwa a ce ya iya sha. Nan kuskuren yake.

Rashin buguwa sabo ne kawai. Ƙwaƙwalwa ce ta saba, har sai mutum ya ƙara yawan abin da yake sha kafin ya ji wani abu. Amma sabawar ba ta kare hanta daga illa. Duk abin da ya shiga sai ta sarrafa shi, a hankali kitse ya taru a cikinta, ta yi tabo, mai ita bai sani ba. Akpeteshie (barasar gargajiya ta Gana) da bitas duk barasa ce mai ƙarfi, saiwoyin da aka jiƙa a ciki ba su rage mata komai.

A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin barasa da ba ya cutarwa, kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Malamanmu ma suna karantar da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa haramun ne.