Mene ne ƙagaggen labarin tarihi? Misali daga tsibirin fursunoni

Ƙagaggen labarin tarihi shi ne wanda marubuci ya ƙirƙiro mutanensa da hirarrakinsu, amma ya zaunar da su a wani wuri da wani zamani da suka wanzu da gaske. Shekarun na gaskiya ne, yaƙin ma an yi shi. Jarumin labarin ne kawai ba za a samu sunansa a kundin wata hukuma ba.

Salon ya fi nuna amfaninsa a labaran sansanonin fursunoni na 'yan mulkin mallaka. Irin wannan sansani ya bambanta da gidan yari na cikin gari. Wuri ne mai nisa, galibi tsibiri, da ake kwashe waɗanda aka yanke wa hukunci a kai su aikin dole, su sare daji, su gina gari, da yawansu kuma ba su sake ganin gida. Faransa ta yi haka a Giyana ta Faransa, a Kudancin Amurka, daga 1852 zuwa 1953. Turawan Ingila kuwa sun buɗe nasu a Port Blair, a tsibiran Andaman da ke tekun gabashin Indiya, a 1858, bayan boren da aka yi musu a Indiya a 1857. A nan suka kammala kurkukun Cellular a 1906, mai ɗakuna kusan 700, kowane fursuna shi kaɗai a ɗakinsa, wasu kuma ana sa su juya injin matse mai da ƙarfin jikinsu kamar shanu.

To me ya sa marubuta ke son lokacin yaƙi? Saboda yaƙi ne ke birkita tsarin. A watan Maris na 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan suka kama Andaman. Waɗanda ke tsare mutane jiya suka koma tsararru, aka saki fursunoni da dama, amma murna ba ta daɗe ba. Yunwa ta shigo, aka yi ta kama mazauna tsibirin da zargin leƙen asiri, aka azabtar da su a cikin wannan kurkukun dai, aka kashe wasu. Sai a Oktoba 1945 Ingila ta dawo. Tsohon fursuna da ya tsinci kansa tsakanin iyayen gida biyu, wa zai bi? Takardun gwamnati sun rubuta lambarsa da laifinsa da awon abincinsa, ba su rubuta abin da ke ransa ba. Wannan giɓin ne marubuci ke cikewa.

A ganina ga iyakarsa: yana da damar ƙago fursuna, da matarsa, da gandiroban da ke tausaya masa a ɓoye. Ba shi da damar matsar da shekarar mamayar don labarinsa ya yi daɗi, ko ya ɗora wa mutumin da ya rayu da gaske kisan da bai yi ba. Masu karatu da yawa daga irin waɗannan labarai suke fara jin sunan Andaman, kuma abin da suka karanta shi za su ɗauka tarihi.