Yadda wasan gaggawa ya zama alƙali a gasar dara ta duniya

Duk sanda aka zo karawar neman kambun duniya a wasan dara na ces, gardama ɗaya ce ke dawowa: ya dace mutum biyu su shafe makonni suna zaman sa'o'i a kan allo, sannan a raba su da wasannin gaggawa na yini guda, tamkar bugun fenariti? Masu ƙorafi sukan kafa hujja da Landan a 2018, inda mai kambu Magnus Carlsen na Norway da Fabiano Caruana na Amurka suka yi canjaras a wasanni 12 cur, kafin Carlsen ya lashe na gaggawa 3-0. Sai dai maganar ta girmi 2018.

A da, in an yi kunnen doki, mai kambu ke tafiya da abinsa. Da wannan doka Botvinnik ya tsira a 1951 da 1954, Kasparov ma a 1987, duka 12-12 a wasanni 24. Wanda ya zo ƙwace kambu, shi ke da aikin kai hari.

Inda aka sha kwana shi ne Elista, a Rasha, cikin 2006. Tun 1993 kambun ya rabu biyu, aka haɗa masu riƙe da kambunan biyu, Kramnik da Topalov, domin a mayar da shi ɗaya. Yawancin masu tuna wannan karawa rigimar banɗaki suke tunawa, wato zargin da ɓangaren Topalov ya yi cewa Kramnik na yawan shiga banɗaki ana cikin wasa, da wasa na biyar da ba a buga ba. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin da ke ƙarƙashi: zakaru biyu ne a zaune, to in an tashi 6-6 wa za a ce ya riƙe abinsa? Babu. Dole aka tanadi wasanni huɗu na minti 25 kowane ɗan wasa. Aka kuwa tashi 6-6 ɗin, Kramnik ya ci na gaggawa da maki 2.5 da 1.5. Magani ne na ciwon wannan shekarar kaɗai, amma bayan ciwon ya warke aka ci gaba da shan sa, har da gajeren zangon wasanni 12, rabin na da.

Daga nan lissafi ya juya. Wanda ya fi saurin hannu ba shi da dalilin yin kasada, sai ya lallaɓa zuwa ranar gaggawa. Haka aka raba gardama a 2012, 2016, 2018 da 2023. A wasa na 12 na Landan Carlsen ne ke da rinjaye a kan allo, ya nemi a tashi canjaras.

An ƙara wasannin zuwa 14, amma a Singafo a 2024 saura ƙiris a sake komawa wasan gaggawa. Mai kambu a lokacin, Ding Liren na Sin, wanda ake ganin ya fi ƙarfi a wasan gaggawa, ya yi kuskure a motsi na 55 na wasan ƙarshe, abokin karawarsa Gukesh na Indiya ya ɗauki kambu yana ɗan shekara 18.