Ofis biyu, suwic guda: tambayoyi kan VPLS

Wai mene ne VPLS ɗin nan da kuke ta faɗi?

Dabara ce ta sa ofishinka na cikin garin Sakkwato da reshenka na Tambuwal su zama kamar a suwic guda anka jona su, kwamfutar can tana ganin firintar nan kamar ɗaki ɗaya suke. Da can an yi irinta a kan ATM, ba injin cire kuɗi ba fa, tsohuwar fasaha ce mai yanka bayani gutsi-gutsi bait 53, ita dabarar LANE sunanta, 1995 ta fito. Ita VPLS a kan MPLS take hawa, wato fasahar da ke manna wa bayani lakabi don a san hanyar da zai bi, ƙa'idojinta RFC 4761 da 4762 sun fito a 2007.

To ya ake saita ta?

Da farko MPLS da LDP (mai rarraba lakabin) su tashi tsakanin suwic ɗin, kowane yana amsa ping (saƙon gwaji) ta loopback, wato adireshin suwic ɗin na kansa, in wannan bai zauna ba kar ma ka wahal da kanka. In na Cisco ne sai ka buɗe l2 vfi, wato suwic na cikin manhaja, ka ba shi suna, ka sa vpn id iri ɗaya a ko'ina, ka jera maƙwabta da neighbor, sannan ka ɗaura shi a VLAN (rukunin kwamfutocin da anka ware a suwic) da xconnect vfi. Kowane suwic sai ya san ɗan uwansa kai tsaye, rassa 4 hanyoyi 6 ke nan, rassa 10 kuwa 45, daga nan ciwon kai ke farawa.

Na gama, ping na tafiya amma babban fayil ya ƙi wucewa?

MTU ne wallahi, wato iyakar girman fakiti (ƙunshin bayani) da layi ke iya ɗauka, kusan kullum shi ne. Fakitinka bait 1500 ne, sai aka ɗora mishi lakabi biyu na MPLS bait 8 da kan Ethernet bait 14, ya fi ƙarfin hanya, ƙaramin ping ya wuce babba ya maƙale. Ɗaga MTU ɗin zuwa 1600 a duk layin tsakiya, har wajen kamfanin da ya ba ka layin.

Kowane suwic zai iya?

A'a. Sai manya masu MPLS, wasu ma da lasisi.

Sai in haɗe rassa duka a VLAN guda?

Ni dai ban ba ka shawara ba. Yaro guda ya maida waya cikin suwic a Tambuwal ta yi zobe, hayaniyar har Sakkwato za ta kashe muku aiki. Abin da dole sai ya zauna a layi guda shi za ka haɗa, sauran ka bar wa rauta.