Dashen ɗan tayi da cinikin irin shanun Shorthorn tsakanin ƙasashe

Shorthorn wani nau'in shanu ne da asalinsa arewa maso gabashin Ingila ne, wajajen kogin Tees, tsakanin Durham da Yorkshire. Kalarsu ja ce ko fari, ko kuma ja da fari a cakuɗe gashi cikin gashi, kuma ƙahonsu gajere ne, yanzu ma da yawansu babu ƙahon sam. Akwai na nama akwai na madara. Tun farko shanun fatauci ne, da a jirgin ruwa ake lodinsu da ransu, yanzu kuma galibin abin da ke tsallaka teku maniyyin bijimi ne ko ɗan tayi mai kwana 7 da aka daskarar. Ba su da dangantaka da Muturu, ƙananan shanun kudancin Najeriya, duk da cewa a wasu littattafai su ma ana kiransu Shorthorn.

Tarihi

A ƙarshen ƙarni na 18 wasu 'yan'uwa biyu manoma, Charles da Robert Colling, suka ɗauki salon wani shahararren mai kiwo na Ingila, Robert Bakewell, na haɗa dangi da dangi a barbara don a kafe siffar da ake so, suka gwada a kan shanun yankinsu da ake kira Teeswater ko Durham. Abin ya karɓe su. Wani takarkarin sa da Charles ya fitar, Durham Ox, wanda aka haifa a 1796, sai da aka yi shekaru ana yawo da shi a keken doki gari-gari mutane na biyan kuɗi su kalle shi saboda tsabar girma, har yau akwai mashaya a Ingila masu sunansa. A 1810 kuma a gwanjon garken Charles a Ketton aka sayar da bijiminsa Comet kan gini 1,000 (tsohon kuɗin zinariya na Ingila), kuɗin da ba a taɓa jin an biya wa sa ɗaya ba.

Bayan su sai layi ya rabu. Thomas Bates na Kirklevington ya fi karkata ga madara, shi ne mai dangin shanun nan da ake kira Duchess, iyalan Booth su kuma nama suka sa a gaba, daga baya Amos Cruickshank a Sittyton ta Sikotiland ya fitar da gajeru masu kauri da saurin yin ƙiba, waɗanda su ne kakannin Shorthorn na nama na yau.

Amma abin da ya mai da su hajar duniya takarda ce. A 1822 George Coates ya buga littafin rajistar asalin shanun, wanda ake cewa shi ne na farko a duniya ga shanu, uwa da uba da kakanni duk a rubuce. Daga nan mutum yana zaune a Kentucky ko Buenos Aires zai iya sayen saniyar da bai taɓa gani ba don ya yarda da salsalarta. An ce sun fara shiga Amurka a 1783 ta Virginia, Amurkawa suka buɗe nasu littafin a 1846. A Ajantina ana danganta farkon zuwansu da wani bijimi mai suna Tarquino da John Miller ya shigo da shi, wasu na cewa wajen 1823, wasu na kai shekarar gaba da haka. Haukan asali ya kai ƙololuwa a gwanjon New York Mills na 1873, inda aka sayi saniya ɗaya tak, 8th Duchess of Geneva, kan dala 40,600, kuma mai sayen daga Ingila yake, wato jinin da ya fita ne aka biyo shi da kuɗi a dawo da shi gida.

Jininsu ya shiga nau'o'i da dama: Santa Gertrudis na Texas, Droughtmaster da Murray Grey da Illawarra na Ostireliya, Bonsmara na Afirka ta Kudu, Maine-Anjou na Faransa, da Luing na Sikotiland.

Shigowar dashen tayi

Walter Heape ne ya fara yin nasarar ɗauke tayi daga wata uwa zuwa wata a 1890, da zomaye. Maraƙin farko sai 1951 a Wisconsin, na farko daga daskararren tayi kuma 1973 a Cambridge, aikin Ian Wilmut da Tim Rowson. Kafin a iya daskarewa akwai wata dabara da ta cancanci a ambata, a farkon shekarun 1960 an taɓa zuba tayin tumaki a cikin zomaye aka ɗora su a jirgin sama daga Ingila zuwa Afirka ta Kudu, can aka ciro aka dasa wa tumakin gida suka haihu lafiya. Harkar ta zama kasuwanci a shekarun 1970, musamman a Kanada da Amurka, kuma a 1974 aka kafa ƙungiyar IETS ta masu wannan aiki. Da farko sai an yi wa saniya tiyata, daga tsakiyar shekarun ne aka koma wankin mahaifa ba yanka.

Yadda ake yi

Ana zaɓar saniya mai kyan asali, likitan dabbobi ya yi mata allurar homon FSH safe da yamma kamar kwana 4 don ta saki ƙwai da yawa maimakon ɗaya, in ta nemi barbara sai a ɗura mata maniyyin bijimin da aka zaɓa. Bayan kwana 7 a zura siririyar roba ta bakin mahaifa, a hura wata 'yar balan-balan da ke jikinta don ta toshe hanya, a tura ruwa a janyo, ruwan ya bi ta matata. Abin da ya rage a matatar shi ake dubawa a madubin likita, don tayin bai kai ƙwayar gero ba ko kusa, ido ba ya ganinsa sosai. A matsakaici ana samun masu kyau 5 zuwa 6 a wanki ɗaya, wata saniyar ta ba da 20 wata kuma ko ɗaya babu, kuma kuɗin allura an riga an kashe. Ana ba kowanne maki daga 1 zuwa 4, na fitarwa waje galibi mai lamba 1 ake nema.

Daga nan ko dai a dasa shi nan take a mahaifar wata saniya da aka daidaita lokacinta da na uwar, ko a sa shi a siririn bututu a daskarar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Kusan rabin daskararrun ne ke zama ciki, sababbi sun ɗan fi haka. Saniyar goyon ba ta ba maraƙin komai na gado, ciki da nono kawai. Yanzu kuma haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, IVF kenan, ya wuce tsohuwar hanyar yawa a duniya tun wajen 2017.

Ciniki da dokokin lafiya

Dalilin da ya sa makiyaya suka rungumi tayi ba ɓoyayye ba ne. Tulun naitirojin ɗaya da mutum biyu za su ɗaga yana ɗaukar tayi ɗaruruwa, babu ciyawa babu killacewar watanni babu mutuwa a hanya. Maniyyi rabin gado kawai yake kawowa, tayi kuwa uwa da uba gaba ɗaya. Sannan maraƙin a ƙasar mai saye ake haifarsa, ya sha dakashin saniyar gida ya samu kariya daga cututtukan wurin, abin da babban bijimin da aka sauke daga jirgi ba ya samu.

Sai batun cuta. Tayi mai kwana 7 yana cikin wani ɓawo, in ɓawon bai fashe ba aka wanke shi sau 10 a ruwa sabo-sabo, wani lokaci har da sinadarin trypsin, to haɗarin ya ɗauko ciwon baki da kofato ko bakkale ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan ƙa'ida ta IETS ce, hukumar lafiyar dabbobi ta duniya WOAH ta amince da ita, amma kowace ƙasa tana ƙara nata sharuɗɗan, Ostireliya da Niyu Zilan suna cikin masu tsanani sosai. Cutar haukan shanu da ta sa aka rufe wa shanun Birtaniya ƙofa a 1996, da annobar baki da kofato ta 2001 da ta ci dabbobi sama da miliyan 6, da ɓullar haukan shanun a Kanada da Amurka a 2003, duk sun daɗa kashe kasuwar shanu masu rai.

Alƙiblar cinikin ma ta juya. Shorthorn na nama a Birtaniya sun ƙanƙance sun yi ƙaranci a tsakiyar ƙarni na 20 lokacin da kasuwa ta koma wa manyan shanun Turai irin su Charolais, har a shekarun 1970 aka buɗe rajista aka shigar da jinin Maine-Anjou don a samu girma, aka sake rufewa a 2001. Yanzu makiyayan Birtaniya da Ailan su ke sayo tayi da maniyyi daga Kanada da Amurka da Ostireliya. Kafin a yi wa maraƙin rajista ana tabbatar da iyayensa da gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA.

Cututtukan gado

Hanyar da ke yaɗa jini mai kyau da sauri ita ke yaɗa aibi. Misalin da aka fi sani shi ne TH, inda ake haifar maraƙi da naƙasassun ƙafafun baya, ba ya iya tsayuwa kuma ba ya rayuwa. An bi diddiginsa zuwa Deerpark Improver, bijimin Ailan da aka kai Amurka a shekarun 1970 aka yi ta amfani da zuriyarsa. Akwai kuma wani aibin gadon mai suna PHA da ya biyo jinin Maine-Anjou. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da aibin yake fitowa, shi ya sa ya daɗe a ɓoye. Tun tsakiyar shekarun 2000 akwai gwajin DNA, kuma mai sayen tayi yanzu yakan nemi sakamakon iyayen kafin ma a yi maganar farashi.

Muhawara

Akwai saɓani kan ko shanun da ke da jinin waje sun cancanci a kira su tsantsar Shorthorn, ƙungiyoyin ƙasashe ba su da ma'auni ɗaya a kan haka. Wasu masana kuma na gargaɗin cewa dogaro da bijimai da shanu 'yan kaɗan yana ƙuntata irin.